Tatsuniya a dandamalin rawar bale: inda ake yawan tuntuɓe da yadda ake gyarawa

Shekara shida ke nan ina ɗinka wa wata ƙaramar makarantar rawar bale kaya a unguwarmu, a arewacin Ingila. Ni ko taku ɗaya ban iya ba, 'yata ce ta ja ni ciki. Duk ƙarshen shekara sukan ɗauki tatsuniya guda su sa a dandamali, iyaye da kakanni da jarirai su cika zaure. Mai tsayuwa a bayan labule da allura a hannu tana ganin abin da na kujerar gaba ba sa gani, kuma kusan kurakurai iri ɗaya nake gani suna dawowa.

Ga wanda bai taɓa kallo ba: bale rawa ce da ta taso a fadojin Italiya da Faransa, ta yi ƙarfi a Rasha, kuma ba a buɗe baki a cikinta. Babu "gatanan gatananku", babu "ta zo mu ji ta". Jiki da kiɗa ne ke ɗauke da labarin. Babban kuskuren daga nan yake fitowa, wato masu shiri su ɗauka kowa ya san tatsuniyar tunda su sun sani.

A shekarata ta biyu aka yi labarin gimbiyar nan da aka yi wa baki, ta soki yatsa da mazari ta yi barcin shekara ɗari. Aka ba yarinyar wani ɗan tsinke da bai fi yatsa ba. Ta yi juyi mai kyau, ta zube ƙasa, zaure ya yi tsit, sai ɗana mai shekara biyar ya ja mini riga ya ce, "Umma, gajiya ta yi?" Wata huɗu ana horo, amma gaɓar da labarin gaba ɗaya ya rataya a kanta ta wuce ba a gani ba. Da aka sake yi bayan shekara uku, malamar ta sa aka sassaƙa mazari mai tsawon kamu guda, aka shafa masa jan fenti, aka nuna shi sau uku: lokacin da mayya ke yin baki, lokacin da sarki ya hana shi a ƙasarsa, da lokacin da aka miƙa wa gimbiya a ɓoye cikin furanni. A karo na uku yara da kansu suka fara ihu kada ta karɓa.

Bale tana da nata maganar hannu. A zagaye fuska da hannu, kyau ke nan. A dafa ƙirji, so. A nuna yatsan zobe, aure. A haɗa dunƙulallun hannuwa a gicciye a yi ƙasa da su, mutuwa. Yara masu rawa sukan yi waɗannan da sauri kamar masu korar ƙuda, don zumuɗin isa wurin tsalle. A sa su tsaya cak, su fuskanci masu kallo, su yi alama ɗaya a hankali kafin ta gaba. In hakan bai isa ba, babu kunya a sa mai ba da labari ya faɗi jimla biyu kafin kowane fitowa. Kamfanin English National Ballet ma yana yin haka a wasannin da yake shirya wa ƙananan yara. Gwajin da na fi yarda da shi kuwa shi ne a kawo yaron da bai taɓa jin tatsuniyar ba wurin horo, a tambaye shi me ya faru. Duk inda ya yi shiru, nan ne aikin yake.

Sai tsawo. Lokacin da mai tsara rawa Marius Petipa da mai tsara kiɗa Caikofski suka fara nuna wannan wasan na gimbiya a gidan wasa na Mariinsky da ke St Petersburg a 1890, ya kai kusan awa huɗu har da hutu. Wannan na mutanen fada ne masu kujerun karan-miski. Yaro ɗan shekara huɗu a kan kujerar roba ba ya wuce minti arba'in zuwa awa ɗaya, kuma wasannin yara na kamfanin Northern Ballet da ke Leeds ma kusan minti arba'in suke. Kowa ya yarda a rage, a wajen abin da za a yanke ne ake ɓata rawa da tsalle. Malamai sukan riƙe rawar ɗaiɗaiku ta aljanun alheri don manyan ɗalibai su nuna gwaninta, su zubar da mage mai takalma da kerkecin da ke bin yarinya mai jar hula a wurin biki. To waɗannan ne yara ke mutuwar so. Kuma a yanke kiɗa a inda ya sauka da kansa, a cire yanki sukutum, kada a datse shi a tsakiyar gaɓa. Kunnen da bai san kiɗan ba ma yana jin an yi masa fashi.

Akwai matsalar da ba ta da daɗin faɗa: kowane uba ya biya kuɗin makaranta, kowace uwa tana son ganin nata. Sai a jera aji bayan aji, furanni su fita, malam-buɗe-littafi su shigo, gimbiya na kwance minti ashirin an manta da ita. Ba yau aka fara ba, ko shahararren wasan bale na Nutcracker da aka fara nunawa a 1892 ya sha suka cewa yara sun cika dandamali, babbar 'yar rawa ba ta samu fili ba sai dab da tashi. Maganin shi ne kowane aji a ba shi aiki a cikin labarin. 'Yan shekara huɗu su zama ɓerayen mayya masu jan kekenta. Na gaba da su su zama sarƙaƙiyar da ta rufe fada, yarima ya sha wuya kafin ya keta su. A labarin Sindirela, yara goma sha biyu su zama awannin agogo, kowane ya faɗo da bugu ɗaya.

Wajen takalmin tsayuwa a kan yatsu ba na sassauci. Malaman kirki ba sa ba yarinya shi sai ta kai wajen shekara 11 ko 12, bayan shekaru tana horo, kuma sai an duba ƙarfin idon sawunta. Matsayin gimbiya ba dalili ba ne na gaggauta shi, takalmi mai laushi ya isa. Haka daɓe: tsalle a kan siminti yana cin gwiwa da ƙwauri, ko an shimfiɗa roba a kai. In zauren da aka samu ke nan, a rage tsalle. Garin ƙaron da ake takawa don hana santsi na daɓen katako ne, yana ɓata shimfiɗar roba.

Yanzu fannina. A 1921 Sergei Diaghilev, shugaban wani kamfanin bale, ya kawo wasan gimbiya gidan wasa na Alhambra a Landan da kayan alfarma da mai zane Léon Bakst ya tsara, bashi ya yi masa katutu har aka riƙe kayan. In gwani irinsa ya faɗa wannan rami, ina ga mu masu tara kuɗi da sayar da kek. Daga kujera ta goma babu mai ganin dutsen ado ɗari da na kwana ina liƙawa, launi da fasali kawai ake gani. Mutanen fada launi ɗaya, na mayya wani, a bar gimbiya ita kaɗai da nata. Kowace riga a gwada ta da rawa, ba a gaban madubi ba: yarinya ta ɗaga hannu, ta durƙusa, ta yi juyi. Na taɓa ɗinka wa sarauniya riga mai jan ƙasa, ɗan ɓera ya taka ta, ƙugu ya ɓarke a gaban jama'a. Tun ranar nake tsayar da baki a idon sawu. Maɓalli da zif abokan gaba ne in canjin kaya na minti biyu ne, a sa maɗauri mai mannewa. Ƙyalƙyalin da ke zuba yana sa santsi. Abin rufe fuska kuma yana toshe ganin gefe, gara kunnuwa a kai da ɗan fenti a hanci.

Mayya tana buƙatar awo. In ta yi laushi babu labari, in ta yi tsanani a fita da yara uku suna kuka. Tun 1890 namiji ne ya hau matsayin, Enrico Cecchetti, kuma a 1948 Frederick Ashton da Robert Helpmann ne suka fito a 'yan uban Sindirela mata don ban dariya. Mu wani baban ɗaliba muke ba matsayin mayya. A bar ɗan haske a zaure in zai shigo, kada a saki ganga da hayaƙi lokaci ɗaya, a ƙarshe ya cire hular mayya ya yi murmushi a wurin gaisuwa.

Abubuwa biyu na takarda da ake mantawa sai an makara. A Ingila ƙaramar hukuma tana da ƙa'idoji kan yara a dandamali da manyan da ke kula da su a baya, a tambaya da wuri. Sannan Caikofski ya rasu tun 1893, kiɗansa na kowa ne, amma faifan da wata ƙungiyar makaɗa ta naɗa yana da mai shi, shi ya sa bidiyon da aka ɗora a Facebook ko YouTube kan wayi gari babu sauti. Kiɗan kuma a sa shi a kwamfuta, a ajiye kwafi na biyu. Mu daga wayar malama muka taɓa sakawa, yarima ya sunkuya zai tashi gimbiya sai kira ya shigo ta lasifika, mai kawo kek ne yana tambayar ƙofar da zai bi.