Yadda Za Ka Yi Tuƙi a Garin da Ba Naka Ba

Direban da ya goge a Kano, wanda zai ratsa Kantin Kwari da tsakar rana bai gogi kowa ba, yana iya shiga Legas ya rikice tun bai wuce Ojota ba. Ba hannunsa ne ya lalace ba. Dokar hanya ɗaya ce daga Sakkwato har Fatakwal, amma ɗabi'ar masu bin hanyar ta sha bamban, kuma abin da ake ɗauka kirki a wani gari shi ke jawo karo a wani. Ga yadda za ka bi idan tafiya ta kama ka zuwa inda ba ka saba ba.

Mataki na farko tun kana gida yake farawa. Je tasha ka nemi direban da ke bin wannan layin, ka gaishe shi da kyau, ka ce, "Maigida, hanyar nan zan bi, me zan kiyaye?" Kada ka tsaya a kan ko hanya tana da kyau. Tambayi inda kwalta ta mutu, garin da kasuwarsa ke cin titi da ranar da take ci, da wurin da ba a bi bayan magariba. Wanda zai ratsa Wudil ranar Juma'a, ko ya nufi Maigatari ranar Alhamis, ya san shanu da manyan motoci za su riƙe shi. Sannan ka haɗa takardu: lasin tuƙi, lasin mota, inshora, takardar lafiyar mota da shaidar mallaka. A but kuma a samu safaya mai iska, jak, tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suna ko'ina tun 1988, amma jihohi ma suna da nasu, KAROTA a Kano, LASTMA a Legas, kuma kowace da laifin da ta fi sa wa ido.

Na biyu, da ka shiga garin, ka ba kanka kamar rabin awa kana kallo. Riƙe hannun dama, bi bayan wata motar gida mai lambar garin wadda ba gudu take ba, ka lura da tazarar da suke bari, da lokacin da suke danna hon, da yadda suke shiga shataletale. Kada ka ɗauki motar haya a matsayin malami, domin ita fasinja take nema.

Na uku shi ne alamomin da direbobi ke yi wa juna, waɗanda babu su a littafin doka. A nan nake so ka fi natsuwa, saboda kuskuren fahimtarsu ya ci rayuka. A babbar hanya, idan kana bayan tirela ya kunna maka siginar hagu, yawanci cewa yake kada ka fito, akwai mota tafe. Idan ya kunna ta dama, ya ba ka hanya. Amma ba kowane direba ke bin wannan ba, kuma wataƙila juyawa kawai zai yi. Saboda haka siginarsa shawara ce, idonka ne hujja: leƙa ka ga hanya fayau kafin ka fito. Ƙifta fitila ma haka take. A Najeriya wanda ya ƙifta maka a mahaɗa galibi yana nufin "ga ni nan, kada ka shigo", alhali a Ingila mai ƙifta maka kan nufi ya ba ka hanya. Wasu kuma suna kunna sigina biyun gaba ɗaya a mahaɗa don su nuna miƙewa za su yi, kada ka zaci motarsu ce ta lalace. Idan ka ga ɗanyen ganye a jere a kan kwalta, ɗaga ƙafa daga totur nan take, wata mota ce ta mutu a gaba, sau da yawa a bayan kwana inda ba za ka hango ta ba sai ka zo daf.

Daga nan sai ka san halin wurin da ka nufa.

Legas ba ta jira. Idan ka bar tazarar mota ɗaya a gabanka, wani zai cike ta, kuma ba raini ba ne, haka ake tafiya a can. Kada ranka ya ɓaci, kada kuma ka tsaya kana jiran a ce maka bismilla, don za ka daɗe. Kunna sigina, sauke gilashi, ɗaga hannu ga na kusa da kai, ka turo hancin mota a hankali. Akasari zai bar ka. Motocin haya masu ruwan ɗorawa da ake kira danfo kuwa, kada ka dogara da siginarsu. Dubi tayar gaba, inda ta karkata nan za ta, ka kuma dubi kwandasta da ke rataye a bakin ƙofa. Da ka ga ya miƙa hannu yana buga jikin motar, to yanzu za a tsaya ko a yanko gabanka. Abu biyu ne ba a wasa da su. Layin motocin BRT, manyan bas-bas masu layinsu na musamman da suka fara aiki a 2008, ba na motar gida ba ne ko da babu kowa a ciki. Sai bin wanwe ta baya, wanda dokar jihar ta ba da dama a ƙwace mota a kansa, kuma an sha yin gwanjon irin waɗannan motoci. Wani titin alamarsa ba ta fito sosai ba, don haka kafin ka karya kwana ka duba: idan duk motocin da ke ajiye a gefe biyu suna fuskantarka, kada ka shiga. Gara ka zagaya da nisa.

Abuja akasin haka ce. Titunan suna da faɗi da santsi, shi ya sa haɗarinta gudu ne. A hanyar filin jirgi da ta Kubwa za ka ga ana wuce ka kamar kana tsaye, kada hakan ya ja ka. Ƙa'idar motar gida ita ce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Idan ka wuce mafitarka, ci gaba zuwa ta gaba, kada ka kuskura ka yi ribas. Yi hattara a ƙarƙashin gadoji, inda motocin gida masu kabu-kabu ke cin birki ba zato don ɗaukar fasinja, mutane kuma suna tsallaka titi da gudu. Hanyar Nyanya da Mararraba tana cushewa da safe ga masu shiga birni, da yamma ga masu komawa, sai ka tsara fitarka.

Mai hawa Jos ta Akwanga zai gamu da Hawan Kibo. Kada ka manne wa gindin tirela mai hawa, don tana iya komowa da baya. A gangara kuma sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

Baƙon da ya shigo Kano daga Damagaram ko Kumasi, shi da 'yan Adaidaita Sahu zai yi hulɗa. Tun da aka hana acaɓa a 2013 su suka cika gari. Ɗan sahu yana iya tsayawa a ko'ina, amma yana da alama: da ka ga kansa ya juya gefen titi ya yi ɗan gajeren hon, ya hango fasinja, rage gudu. Ranar Juma'a sahun salla yakan fito har kan titi a kusa da manyan masallatai, kwanakin hawan salla kuma cikin birni na dawakai ne. Idan ka ci karo da masu ɗauke da gawa, rage sautin rediyo, ka dakata su wuce, ba a yi musu hon. Wannan ɗabi'a ce da nake fatan kada ta ɓace. A ƙauyuka kuma idan garke na tsallakawa, tsaya cik, kada ka tashi da ganin saniyar ƙarshe ta haye. Sau da yawa akwai ɗan maraƙi a baya da zai fito a guje yana bin uwarsa.

Idan Nijar za ka, ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, hannun tuƙi ba zai ba ka wahala ba, domin tun 1972 Najeriya ta koma hannun dama irin na maƙwabtanta, Gana ma ta bi a 1974. Bambancin yana mahaɗa. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda a mahaɗar da babu alama wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya. Haka ma a Kamaru da Cadi. A shataletale ka karanta allon da ke bakinsa kafin ka shiga, kada ka ɗauka na ciki ne ke da hanya kamar yadda ka saba. Karɓi takardar shiga da mota a wurin duwan, wato kwastan, ka tabbatar inshorarka tana aiki a can, ka kuma adana rasit ɗin kuɗin hanya, don za a iya nemansa a gaba. Jandarma ya busa usur, tsayawa ake yi sosai, ba rage gudu ba. Tun 2023 ƙa'idojin iyaka suna yawan sauyawa, saboda haka ka yi tambaya a ranar da za ka tashi. Ka kuma guji tafiyar dare, amalanke da jakuna da raƙuma ba su da fitila.

Mataki na ƙarshe shi ne bakinka. Idan jami'i ya tsayar da kai, gangara gefe, ka fara gaisuwa: "Barka da aiki, Yallaɓai." Idan laifin naka ne, nemi a rubuta maka takardar tara ka biya ta hanyar hukuma ka karɓi rasit. Idan gogayya aka yi, a gida mun saba da "Allah ya kiyaye gaba", dattijo ya shiga tsakani, a je wurin mai gyara. A Legas ko Anaca za a fara da ɗaga murya, kuma ba lallai faɗa ake nema ba. Kada ka mayar da irinta. Ɗauki hoton motocin biyu da lambobinsu kafin a gusar da su, ka ce, "Oga, mu matsa gefe mu yi magana." Idan an ji wa mutum rauni, shi ne farko: kai shi asibiti ko ka kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. In kuwa jama'a sun taru kana ganin ranka na cikin haɗari, wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai rahoto da kanka, ka faɗi wurin da mai raunin yake don a je a ɗauko shi.