Idan bayan gida na kuɓuce ma mai ciwon hanji: yadda za a auna magani kafin a kai ga tiyata

Wata huɗu Yaya bai leƙa masallacin Juma'a ba kafin ya gaya min gaskiyar abin da ke damun shi. Mu dai mun san shina da tsohon ciwon hanji wanda likita ya kira kolaitis, wato gyambo cikin babban hanji, in ya tashi sai zawo da jini da majina, amma ba mu san abin ya kai bayan gida na kuɓuce mashi ba. Ranar da ya faɗa min kanshi na ƙasa, ya ce "ƙanena wallahi wani lokaci ko makewayi ba ni kaiwa, ina ni ina shiga sahu da farin yadi". Daga ranar munka shiga neman mafita, kuma abin da na koya a wanga yawo shi zan rubuta, don na tabbata akwai masu irin lalurar nan da yawa a garin ga sun yi shiru, sai jiƙe-jiƙen basur suke sha a ɓoye.

Abin da ya fi komai, kada ka zaɓi magani tun ba a gano ta inda ɗakin ke yoyo ba. Ga wani kumburin hanjin ne ya tashi, ƙarshen hanjin da ke riƙe kashi ya yi tauri ya daina haƙuri, ko kaɗan ya sauko sai ya tura waje. Ga wani ciwon ya kwanta amma kashin ne ruwa-ruwa, shi kuwa ruwa ko mai lafiya wuyar riƙewa gare shi. Ga wani tsokar da ke tsuke dubura ce ta samu rauni, ko wajen haihuwa mai wuya, ko wajen aikin basur ko na wani maruru. Akwai ma wanda taurin ciki ne, busasshen kashi ya toshe hanya ruwa na bi ta gefe shina ɗiga, shi kuma shina ganin zawo ne, in ya sha maganin tsayar da zawo ƙara ma kanshi wahala ya yi. Kowane ɗaya hanyar shi daban.

Don haka kafin ka je ganin likita samu ɗan littafi ka yi sati 2 kana rubutawa, mi ka ci, ƙarfe nawa, sau nawa ka zagaya, da jini ko babu, ka ji zuwan shi ka kasa riƙewa ne ko sai dai ka gani a wando, da dare ne ko da rana. Mu wanga littafi ya rage mana dogon bayani sosai don Yaya kunya ke hana shi magana a gaban likita, sai ya miƙa takarda kawai. A nan Sakkwato in kemis da ƙaramin asibiti sun gaza, ka nemi a tura ka asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin Specialist wajen likitan ciki da hanji, za a yi awon kashi da na jini, a duba dubura da yatsa, in ta kama a yi awon kyamara da ake cewa kolonoskofi. Kada ka raina awon kashi. A ƙasar mu atunin amiba na kama da kolaitis, tibin hanji kuma na kama da cutar Kuron, wata 'yar'uwar kolaitis da gyambon ta ke iya fitowa ko'ina a cikin hanji, ƙarami ko babba, kuma in anka ba mai amiba ko mai tibi maganin danne garkuwar jiki, irin wanda ake ba mai kolaitis ko Kuron, a bisa kuskure abin na iya zama babban hatsari.

In an tabbatar kumburin ne ya tashi to shi za a fara kashewa, sau da yawa da ya lafa kuɓucewar ma sai ta ragu da kanta. Mai kolaitis akan fara mashi da mesalazin, akwai na sha akwai na matsi ta dubura, mutane na ƙyamar na matsin amma shi ke kaiwa daidai wurin da wutar take, Yaya sai da ya yarda da shi sannan munka ga canji. Firednisolon na kwantar da ciwo da sauri kuma arha gare shi, nan ne tarkon yake, don mutum ya ji daɗin shi sai ya riƙa saye da kanshi wata da watanni, ga shi shina kawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai a hankali yadda likita ya tsara. Sama da su akwai azatayofirin mai buƙatar awon jini a kai a kai, sai allurai masu tsada irin infiliksimab da ba a farawa sai an duba tibi da ciwon hanta. A nan awon naka shi ne aljihu, ka tambayi likita kai tsaye nawa ne a wata kuma har zuwa yaushe, don maganin da za ka fara ka yanke a wata na 3 saboda kuɗi sun ƙare gara tun farko a zauna a nemo wanda za ka iya ɗorewa da shi.

In kuwa awo ya nuna ciwon ya kwanta amma abin bai daina ba, sai a koma ga daskarar da kashin. Maganin tsayar da zawo Imodium na taimakawa ƙwarai, ƙwayar miligiram 2 ce, akan fara da kaɗan kamar rabin awa kafin cin abinci ko kafin fita, amma don Allah kada a sha shi lokacin da ake zawo da jini ko zazzaɓi ko ciki ya kumbura, hanji na iya kumbura sosai ya tsaya cik, wannan sai gadon asibiti. Garin Fybogel na haɗe kashi ya yi jiki, sai dai mai cutar Kuron da hanjin shi ya tsuke a wani wuri kada ya taɓa sai da izinin likita. Wanda anka taɓa yanke ma ƙarshen ƙaramin hanji kuma zawon shi na iya zama na ruwan matsarmama ne, akwai gari na musamman da ake ba shi, kolestiramin. Ka kuma zazzage ma likita duk ledar magungunanka, daikulofenak da aibufurofen da muke sha kamar gyaɗa na iya tayar da ciwon, metfomin na masu suga shi ma na sa zawo.

Abinci kam kowa da nashi, shi ya sa littafin nan. Yaya mun gano shayi mai kauri da madara da safe da goro da yajin kilishi su ke tura shi da gudu, fura da nono kuwa ba ta dame shi ba in nonon ya yi tsami. Cire abu ɗaya ka duba sati guda, kada ka yanke komai lokaci ɗaya ka rame a banza. Kuma kada ka rage shan ruwa wai don zawo ya ragu, a zafin Afrilu na Sakkwato da ke wuce digiri 40 ƙoda ce za ta biya, ka ajiye ORS a gida.

Sai motsa tsokar dubura, wanda kyauta ne amma haƙuri shike so. Ka matse kamar mai riƙe tusa ba tare da ka ƙanƙame ciki ko cinya ba, ka ƙirga 5 ka saki, sau 10, sau 3 a rana, muna ce ma Yaya ya haɗa da bayan Asuba da La'asar da Isha don kada ya manta. Sai an yi kamar wata 3 kafin a yanke hukunci ko ya yi aiki, kuma masu gashin ƙashi a asibiti na iya duba ko daidai kake yi. Ka saba zama makewayi bayan karin kumallo ba tare da yunƙuri ba, don lokacin hanji ke motsi da kanshi, ka fita da ciki sakayau. Wurin kuma a wanke da ruwa zalla, a tsane ba gurzawa, a shafa Vaseline ko Sudocrem, kuma sa audugar tsari ko famfas na manya ranar tafiya Argungu ko Gusau ba abin kunya ba ne.

Tiyata ita ce inda na fi son a tsaya a yi tunani. In tsokar ce ta yage ana ɗinke ta, mata da abin ya samu wajen haihuwa har kashi na bi ta gaba akwai sashen masu yoyo a asibitin Maryam Abacha, amma a sani ɗinkin tsoka amfanin shi kan ragu da shekaru. Mai cutar Kuron da ke da ramin da ke zubar da mugunya kusa da dubura, likita kan zura zare ya bar shi maimakon ya tsaga, don tsagawar na iya lalata tsokar, kuma ciwon su ba ya warkewa da sauri, saboda haka batun kai shi ga wanzami ya yanke basur wallahi kada a fara. Mai kolaitis da magani ya gaza akan cire babban hanjin a yi mashi 'yar jaka da ƙaramin hanji daga ciki, gyambon ya tafi amma zai riƙa zagayawa sau da dama a rana kuma ɗiga da dare na iya faruwa, musamman in tsokar dama ba ƙarfi. Akwai na'urar da ake dasawa tana zaburar da jijiyar ƙugu, tsada gare ta sosai. Sai fitar da hanji ta ciki a manna leda, sitoma, wadda kowa ke gudu, alhali ga wanda ya shekara a ɗaki tana iya maido shi kasuwa, abin dubawa kafin ka yarda shi ne ina za ka riƙa samun ledar duk wata kuma nawa. Tambayi likitan mi zai faru in an yi, mi zai faru in an jira wata 6, kuma ana iya komawa baya ko a'a.

Abu biyu ba a jira da su. In kuɓucewar ta zo farat ɗaya tare da ciwon baya da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi ko ƙafa ta rasa ƙarfi, asibiti a ranar. Haka in jini ya yi yawa ko rama ta yi sauri. Wanda kuma ya kai shekara 8 da kolaitis ya tuna ma likita batun awon kyamara saboda kansar hanji.

Maganar salla ce ta fi ci ma Yaya rai, sai da munka je wajen wani malami a unguwar mu ya yi mashi bayanin hukuncin mai salasi, cewa shari'a ta yi sauƙi ga wanda abu ke fito ma ba da son shi ba, kuma mara lafiya na da rangwamen azumi. Kowa ya kai ma malamin shi bayanin yanayin shi don hukuncin na bin yawan fitar abin. Yanzu ranar Juma'a tuwon shinkafa kaɗan shike ci da hantsi, ya zagaya, ya sha ƙwayar shi yadda likita ya ce, ya sa wando na biyu a leda cikin but ɗin mashin, kuma ƙarshen sahu kusa da ƙofa shike tsayawa.