Yadda ake haɗa hamboga a gida ba tare da an cutar da iyali ba

Yaran yanzu sun fi sanin boga (burodi mai niƙaƙƙen nama a tsakiya) a kan dambu, kuma hana su ba ya aiki. Gara ki karɓe shi daga hannun masu shago ki dawo da shi kicin ɗinki. Bogan Big Mac guda ɗaya na gidan abincin McDonald's a Amurka yana ɗauke da kalori sama da 500 da sodiyam wajen miligiram 1,000, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 a wuni, wato gishiri giram 5. Rabin kason wuni ke nan ya tafi a burodi ɗaya, tun ba a zo kan soyayyen dankali da lemon kwalba ba. A gidan da ake da mai hawan jini, wannan ba abin wasa ba ne.

Mu fara da nama. Kada ki sayi niƙaƙƙen da ba a gabanki aka niƙa ba. Ki je wurin mahauci da safe, ki zaɓi tsokar saniya, ki ce ya bar miki ɗan kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Na sha ganin masu koyo suna yanke kitsen tas da sunan kula da lafiya, naman ya fito a bushe kamar tsumma, sai su lafta masa bama don ya haɗiyu. Cokali ɗaya na bama kuwa ya kusa kalori 100, kin ga an gudu ba a tsira ba. Idan ba ki da injin niƙa nama, ki ƙara wa mahaucin ɗan wani abu ya daddatse miki shi da wuƙa. Injin markaɗen bakin layi kam ban yarda da shi ba sam.

Rabin kilo yana ba da guda huɗu. Ki goga albasa ki matse ruwanta, ki zuba tafarnuwa da masoro da ɗan citta. Ni ba na sa ƙwai, ba na sa garin burodi, dunƙule kuma ba ya shiga, domin yawancinsa gishiri ne. Ki haɗa a hankali, kada ki murza kamar kwaɓin fanke. Ki faɗaɗa kowanne ya zama kaurin yatsa, ki ɗan lotsa tsakiyarsa da babban yatsa don kada ya kumbura a kasko. Gishiri rabin ƙaramin cokali ya ishi duka huɗun, kuma a sama ake barbaɗa shi daf da sa wa a wuta.

Wurin gashi ne kusan kowa ke faɗuwa, kuma nan ni ma na faɗi. Ranar farko na cika wuta, bayan naman ya yi duhu mai kyau, na sauke ina murna. Sai da ɗana ya gutsura na ga cikin ja wur, yana tsatsar da ruwa a kan burodin. Na karɓe daga hannunsa, amma kwana na yi ina duba shi.

Mun saba da tsire da balangu, inda ƙwayoyin cuta ke zama a saman naman, wuta ta fara cin su. Niƙaƙƙen nama ba haka yake ba: niƙa tana tura abin da ke waje har can tsakiya. A 1993 a Amurka, boga da bai dahu ba daga shagunan Jack in the Box ya sa wa mutum sama da 700 ƙwayar cutar E. coli, yara huɗu suka rasu. Saboda haka dole tsakiyar ta kai zafin digiri 71 a ma'aunin Selshiyos. In kina da ma'aunin zafin abinci, ki soka shi ta gefe. In babu, ki sa wuta matsakaiciya, kasko ya yi zafi tukuna, ki ba kowane ɓari minti biyar zuwa shida, sannan ki tsaga guda ɗaya ki duba. Kada ki ga ja ko kaɗan, ruwan da ke fita kuma ya zama garai. Kada ki danna shi da cokali yana kan wuta, romonsa kike zubarwa. Farantin da ɗanyen nama ya taɓa, dafaffe ba ya komawa kansa, haka ma wuƙar ba ta zuwa kan latas sai an wanke ta.

Sauran mai sauƙi ne. Ki ɗan gasa burodin, na alkama in kin samu, ko da yake ya fi tsada. Latas da tumatir da kokwamba ki cika su sosai bayan kin wanke. Maimakon bama, kindirmo mai kauri da ɗan tafarnuwa da lemon tsami. Cuku yanka ɗaya ko babu. Lemon kwalba ki bar shi, gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana da suga wajen giram 35. Zoɓo mai ƙarancin suga ko ruwan sanyi ya wadatar. A gidana sau ɗaya ake yi a mako, ranar Asabar, kowa guda ɗaya.