Yadda ake ɗora kiɗa a kan tallar abin sha ta sakan 30

Idan aka turo mini bidiyon tallar lemo aka ce in sa masa kiɗa, ba na saurin taɓa piyano. Kashe sautin nake yi, in kalli hoton shiru da biro a hannu, ina rubuta sakan ɗin da aka ɓalle murfi, da wanda aka tsiyaya, da wanda mutumin ya kai baki, da wanda tambarin kamfani ya fito. Kai ma da haka za ka fara, domin waɗannan wurare huɗu su ne ginshiƙin aikin, kiɗa kuwa bin su yake yi.

Daga nan sai lissafi, kuma ba wuya gare shi ba. Kiɗa mai bugu 120 a minti, kowace gaɓa mai bugu huɗu tana cin sakan 2, ka ga gaɓa 15 ke nan a cikin tallar duka. Ka ware ta ƙarshe, ko biyun ƙarshe, domin tambari da ɗan amon da zai zama shaidar kamfanin. Ni daga can ƙarshen nake soma rubutu in dawo baya, don wanda ya fara daga farko yakan iso tambari waƙarsa tana tsakiyar baiti, sai a datse ta. Idan kurɓar farko ta faɗo a sakan na 11, alhali gaɓarka tana sauka a na 12, ka ɗan ƙara saurin bugun har su haɗu. Kada ka ce mai yanka hoto ya gyara maka, sau da yawa an riga an sa wa hoton hannu.

Inda sababbin hannu suka fi tuntuɓe shi ne cika wuri. Abin sha yana da nasa kiɗan: fus ɗin gwangwani, shuuu ɗin kumfa tana tasowa, ƙarar ƙanƙara tana bugun gefen kofi. Waɗannan su ke tayar wa mai kallo da ƙishi, ba jitarka ba. Matsalar ita ce kumfa da ƙanƙara siririn sauti gare su, a sama suke zaune, daidai inda kacau-kacau da farantan ganga ke zama. Ka bar su tare, kumfar ta ɓace. Abin da nake yi, rabin sakan kafin a ɓalle murfi sai in ɗauke komai cak, a ji fus ɗin shi kaɗai, sannan ganga ta faɗo da ƙarfinta. Lokacin tsiyaya kuma in cire duk wani abu mai kaifin sauti, in bar mai kauri yana tafiya a ƙasa. Haka ma idan mai sanarwa zai yi magana, kada mawaƙi ya buɗe baki. Kunne ba ya bin baki biyu.

Nau'in abin shan ma yana da ta cewa. Lemo mai gas yana son bugu mai sauri da tafi da muryoyi da yawa, ruwan gora da madara sun fi son sarari da natsuwa, mai ƙara kuzari kuwa ganga mai nauyi.

Sai babbar tambaya: a tsara sabuwar waƙa ko a sayi sananniya? Kowacce ta taɓa cin kasuwa. A 1971 Coca-Cola ta tara matasa daga ƙasashe daban-daban a kan wani tudu a Italiya suka rera waƙar da aka tsara don tallar, daga baya aka sake ɗaukar ta ba sunan lemon, ta kai matsayi na ɗaya a Birtaniya. Pepsi kuwa a 1984 Michael Jackson ta ɗauko, aka sauya baitocin wata waƙarsa da duniya ta riga ta haddace. Ni dai ga ƙaramin kamfani sabuwa nake ba da shawara, domin sananniyar waƙa takan sa a tuna mawaƙin a manta kwalbar.

Idan mai talla ya nace sai sananniya, to izini biyu za ka nema, ba ɗaya ba: na wanda ya mallaki rubutun waƙar da karinta, da na wanda ya mallaki ainihin ɗaukar da aka yi a situdiyo. A rubuce, da tsawon wa'adi, da ƙasashen da za a nuna, da ko intanet na ciki. A 2014 wata kotu a New York ta ce kamfanin abin sha Monster Energy ya biya ƙungiyar mawaƙa Beastie Boys dala miliyan 1.7 saboda sa waƙoƙinsu a bidiyon talla ba izini. Wani kuma zai ce maka, ai sai mu samo mai kwaikwayon muryar. Gudun gara ke nan a tarar da zago: tun ƙarshen shekarun 1980 mawaƙiya Bette Midler ta yi nasara a kotun Amurka kan wata tallar motar Ford da aka kwaikwayi muryarta.

Wajen haɗa sauti, kada ka ƙure ƙara don tallarka ta danne ta wasu. Tashoshi suna da ma'aunin ƙarar sauti, a Turai −23 LUFS, a Amurka −24 LKFS (sunayen awon ƙarar ke nan), kuma za su rage ka ko su dawo maka da aikin. Ka tambayi tashar nata ma'aunin tun kafin ka fara. In ka gama, ka saurara a ƙaramar lasifikar talabijin da ta waya, ba a manyan na situdiyo kaɗai ba. Idan fus ɗin gwangwani bai fito a waya ba, ka koma.

Ranar miƙa aiki ka ba da ganga daban, muryoyi daban, sautin lemon daban, tare da gajeru na sakan 15 da na sakan 6, don za a neme su ko da ba a faɗa maka ba tun farko.