Yadda nake auna ɗan takarar da ya ce shi na talakawa ne

Da zarar zaɓe ya ƙarato, kowa sai ya zama ɗan talaka. Mai 'ya'ya a makarantun Landan zai hau dandamali ya rantse cewa manya sun cinye ƙasa, fili ya ruɗe da tafi. Ni ma na sha yin tafin nan. Na taɓa bin wani ɗan takara gari-gari, rana tana dukan ƙeyata, don kawai ya iya zagin masu kuɗi. Da ya samu kujera, sai ya tare a unguwar waɗanda yake zagi. Tun daga nan na yi wa kaina mudu.

Ka fara da tambayar wane kaya ya taɓa sauke wa talaka. A 1979, da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali, kuma manomi da makiyayi sun ji sauƙin a aljihunsu. Irin wannan nake nema. In ɗan takarar ya taɓa yin gwamna, kada ka tambayi masu yi masa waƙa. Nemi malamin firamare ko ɗan fansho na jiharsa, ka ji ko albashi yana zuwa ƙarshen wata. Direban tasha ma zai ba ka labarin hanyoyinsa kyauta.

Sannan ka dubi zamansa. Duk wanda ya shiga gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja ya san mutumin da ya jagoranci jam'iyyar NEPU, ya rasu a 1983, bai tara abin duniya ba. Sai dai a nan nake ja wa mutane kunne: rashin sata sharaɗi ne, amma shi kaɗai ba ya tuƙa ƙasa. Balarabe Musa ba a taɓa shakkar gaskiyarsa ba, amma majalisar jiharsa tana hannun jam'iyyar NPN, ta ƙi amince masa da kwamishinoni, ta kuma tsige shi a 1981. Shugaban ƙasa kuwa sanatoci 109 da wakilai 360 ne ke jiransa, kuma ba ya taɓa kasafin kuɗi sai sun sa hannu. To su wa ɗan takarar ya tsayar a jam'iyyarsa? Su wa ke zaune a bayansa a kan dandamali? Sau da yawa manyan da yake zagi su ne suka biya kuɗin rumfar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ma tambayar lissafi. Kafin zaɓen 2023, Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin mai. Mu nawa muka tsaya muka ce, to bayan an cire fa? Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cirewar, cikin 'yan kwanaki farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kuɗin mota da na masara suka bi sahu. Don haka duk wanda ya yi maka alkawarin taki mai araha, tambaye shi buhu nawa, a kan nawa, kuma daga ina kuɗin za su fito. In ya amsa da zagin abokin hamayya, ka gane babu komai a jakar.

Ka kuma kasa kunne ka ji su wa yake kira "su". In yau ɓarayin gwamnati ne, gobe ya koma wata ƙabila ko wani addini, ka janye jikinka.

Ni dai ina da ɗan littafi da nake rubuta alkawuran kowane ɗan takara da ranar da ya yi su. A leda ɗaya nake ajiye shi da katin zaɓena, a ƙasan akwati.