Yadda za ka sauya burauzar wayarka

Tun watan Maris na 2024, dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple da Google nuna wa masu waya allon zaɓen burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. A yawancin ƙasashen da ba sa cikin Tarayyar Turai kuwa, sai ka yi da hannunka.

1. Sauke wadda ta kwanta maka a rai: Firefox, Brave ko Opera.

2. A Android, shiga saituna, sannan manhajoji, ka nemo inda ake zaɓen wadda waya za ta riƙa buɗewa da kanta. A iPhone ma ana iya wannan tun fitowar iOS 14, wato zubi na 14 na babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone.

3. Kar ka yi gaggawar goge tsohuwar, kalmomin sirrinka na ciki. Kwashe su tukuna.

4. Taɓa mahaɗin da aka turo maka, ka ga wacce ta buɗe.