Yadda ake hasashen sassan furotin marasa tsayayyar siffa a tsutsar tsargiya

Ba kowane furotin ne ke naɗewa ya tsaya a siffa ɗaya ba. Wasu sassan lilo suke yi kamar zare, sai sun haɗu da abokin aiki su ɗauki siffa. A tsutsar tsargiya, Schistosoma mansoni, wadda aka wallafa jerin kwayoyin halittarta a 2009, ana iya hasashen irin waɗannan sassan da kwamfuta kaɗai.

Fara da sauko da fayil ɗin FASTA (fayil mai ɗauke da jerin haruffan kowane furotin) daga WormBase ParaSite, rumbun bayanan kwayoyin halittar tsutsotsi a intanet, ka rubuta lambar sigar da ka ɗauka, domin ana gyara jerin lokaci zuwa lokaci. Kwayoyin halittar da ke samar da furotin sun kai kimanin dubu goma, amma layukan fayil ɗin sun fi haka, saboda kwaya ɗaya kan fitar da furotin iri biyu ko uku. Bar mafi tsawo daga kowace kwaya, in ba haka ba za ka ƙirga abu ɗaya sau da yawa. Cire alamar tauraro ta ƙarshen jeri, ka ware masu tarin harafin X, wanda ke nuna gurbin da ba a tantance ba.

Sai ka saka fayil ɗin a IUPred, manhajar hasashen sassa marasa siffa, ka zaɓi tsarin dogayen sassa. Yana ba kowane amino asid, wato tubalin ginin furotin, maki daga 0 zuwa 1. Wanda ya haura 0.5 ana ɗaukarsa marar siffa. Abin da za ka ƙirga shi ne sashen da amino asid 30 ko fiye suka jeru a saman wannan iyaka. Guda biyar ko shida a bakin furotin ba su da wani tasiri.

A nan ake yin tuntuɓe. Paramyosin da tropomyosin, furotin na tsokar tsutsar, suna da siffa, igiyoyi biyu ne da suka murɗe juna, amma yawan amino asid ɗin glutamate da lysine kan sa manhaja ta ce ba su da ita. Furotin ɓawon ƙwai kuwa cike suke da amino asid ɗin glycine mai maimaituwa, makinsu na buƙatar a sake dubawa. Kwayoyin halittar da ake kira MEG (micro-exon genes), masu guntayen sassa ƙanana ainun, sau da yawa ana kuskuren haɗa jerinsu tun daga tushe, kuma hasashe a kan jeri mai kuskure ɓata lokaci ne. Kafin ka ƙirga, tace da manhajojin SignalP da DeepTMHMM tukuna, ka cire sashen sigina (guntun farkon furotin mai nuna inda za a kai shi) da wanda ya ratsa fatar tantanin halitta.

Kada ka dogara da manhaja ɗaya. Duba furotin ɗin a rumbun AlphaFold, mai ɗauke da siffofin furotin da kwamfuta ta hasaso: makin pLDDT (ma'aunin tabbacin hasashen) ƙasa da 50 yakan nuna rashin siffa, ko da yake a tsutsotsi irin wannan yana iya faɗuwa don kawai furotin ɗin ba shi da dangi da yawa a rumbun bayanai. Inda IUPred da AlphaFold suka saɓa, ware furotin ɗin daban. Idan za ka kwatanta da wasu nau'ukan tsutsar, S. haematobium ko S. japonicum, yi amfani da manhaja ɗaya da iyaka ɗaya ga dukansu.